Sun Tashi, Sun Koma Ina?

Duk wanda ya saba sauraron Sashen Hausa na BBC ya haddace adireshin da masu gabatar da shirye-shirye suke maimaitawa safe da yamma: bbchausa.com. Sai dai wanda ya rubuta wannan adireshi a wayarsa, ya kuma zuba ido a saman allo, zai ga abin da yawancin mutane ba su taɓa lura da shi ba. Kafin shafin ya gama buɗewa, adireshin ya rikiɗe ya koma bbc.com/hausa. Ashe ba a gidan farko labaran suke zaune ba. Abin da ke can ɗan umarni ne mai layi ɗaya, wanda aikinsa kawai ya tari baƙo ya nuna masa inda mutanen gidan suke. Wannan shi ake kira karkatar da adireshi, kuma yana cikin ayyukan da ba a taɓa yaba wa kowa a kansu ba, domin idan an yi shi da kyau babu wanda zai san an yi.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane wannan al'amari. A yawancin garuruwan ƙasar Hausa adireshi kwatance ne: bayan masallacin Juma'a, daura da injin niƙa, gida na uku mai dalbejiya a ƙofa. Idan baƙo ya bi kwatancen ya tarar da ƙofa a garƙame, maƙwabci yake nema, kuma amsar maƙwabcin ba ta wuce ɗaya daga cikin huɗu. Ko dai ya ce sun tashi, sun koma unguwa kaza, can za ka riƙa samunsu daga yau. Ko ya ce ana gyaran gidan ne, suna wajen 'yan'uwa na ɗan lokaci, amma nan za su dawo. Ko ya ce bai san su ba. Ko kuma ya sunkuyar da kai ya ce da suna nan, yanzu babu su, ba kuwa za su dawo ba. Ƙa'idar da kwamfutoci suke magana da juna da ita a intanet, wato HTTP, ta tanadi lamba ga kowace amsa: 301 ga ƙaura ta dindindin, 302 ga ta ɗan lokaci, 404 ga "ban san su ba", 410 ga wanda ya tafi ke nan. Ukun farko suna cikin rubutacciyar ƙa'idar tun 1996. Bambancin da ke tsakaninsu ba na ado ba ne. Idan burauza ta ji 301 takan riƙe sabon adireshin a ƙwaƙwalwarta, Google kuma yakan kwashe martabar da tsohon shafin ya tara ya ɗora wa sabon. Idan 404 ta ji, magana ta ƙare a nan.

Abin tambaya shi ne wa ya fi cutuwa idan maƙwabcin ya ce bai san su ba. Amsar tana fitowa fili idan aka ɗauki gari kamar Sanyinna, a ƙaramar hukumar Tambuwal da ke kudancin jihar Sakkwato, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar tare da irin su Dogon Daji da Jabo da Romon Sarki. Tambuwal da Kebbe suna raba kujera ɗaya a Majalisar Wakilai, kujerar da Aminu Waziri Tambuwal ya zauna a kanta daga 2003 zuwa 2015, har ya zama kakakin majalisar a 2011. Garin Sanyinna bai taɓa gusawa daga inda yake ba, amma adireshinsa a takardun hukuma ya sha canzawa: daga Lardin Sakkwato ya koma Jihar Arewa maso Yamma a 1967, ya zama na Jihar Sakkwato a 1976, sannan aka yanke Kebbi daga jikin jihar a 1991, aka yanke Zamfara a 1996. Duk da haka, wasiƙar da aka rubuta wa tsohon adireshi za ta iya isa hannun mai ita, saboda ma'aikacin gidan waya mutum ne, yana da hankalin da zai gane abin da ake nufi. Kwamfuta ba ta da wannan alfarma. Harafi ɗaya ya sauya, a wajenta wani gida ne dabam.

Ga kuma wata matsala da ta keɓanci garuruwan Arewa. Mutane suna ɗaukar sunan garinsu ya zama sunan mahaifi a takarda, don haka wanda ya rubuta "Tambuwal" a Google ɗan siyasar zai fara gani shafi bayan shafi kafin ya ga garin. Wanda ya rubuta "Sanyinna" shi ma sunayen mutane za su fi yawa a gabansa. Abin da aka rubuta a kan garin kansa, ambaliya ce, ko rabon taki, ko alkawarin gyaran makaranta, ko kwangilar rijiyar burtsatse, bai taka kara ya karya ba. Idan abu ya faru a Legas ko Kano, jaridu goma ne za su ɗauka, in adireshi ɗaya ya mutu tara suna nan. Idan ya faru a Sanyinna, mai yiwuwa wakili ɗaya ne ya je, ya rubuta rahoto ɗaya, aka buga shi a adireshi ɗaya. Ranar da wannan adireshi ya fara amsawa da 404, abin da ya faru ya koma hira a majalisar dattawa, kowa da yadda ya tuna shi.

A ƙaddara ƙungiyar ci gaban gari tana son tunatar da hukuma wani alkawari da aka yi shekara shida da suka wuce. Sakataren ƙungiyar yana da mahaɗin labarin a ajiye cikin WhatsApp, ya latsa a gaban jama'a, sai shafin ya ce ba a samu abin da yake nema ba. Ko ɗalibi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo wanda ya kafa hujja da wannan rahoto a kundin digirinsa, malamin da ke duba shi ya bi adireshin ya tarar da wayam. Labarin bai zama ƙarya ba, amma wanda ya dogara da shi ya koma kamar maƙaryaci, wanda ya yi alkawarin kuwa ya samu hutu.

Wannan ruɓewar mahaɗai ba ciwon ƙasar Hausa kaɗai ba ne. A watan Mayun 2024 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta bayyana cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da suke raye a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. Ta kuma gano cewa kashi 23 cikin ɗari na shafukan labarai suna ɗauke da aƙalla mataccen mahaɗi guda, haka ma kashi 21 cikin ɗari na shafukan gwamnati. Shekara goma kafin nan, Jonathan Zittrain da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard sun nuna cewa kusan rabin adiresoshin da Kotun Ƙolin Amurka ta ambata a hukunce-hukuncenta ba sa kai mutum ga abin da alƙalan suka gani. Idan haka ta samu kotun da ke da ɗakin karatu da ma'aikata da kuɗi, sai mai karatu ya auna halin jaridar da ma'aikatanta ba su wuce biyar ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Sai dai asarar iri biyu ce, kuma haɗa su wuri ɗaya yana ɓoye laifi. Akwai gidan da ya rushe. Jaridar NEXT, wadda Dele Olojede ya kafa a Legas, ta yi binciken ƙwaƙwaf da ya girgiza gwamnati, ta daina fita a 2011, daga baya shafinta na 234next.com ya bi ta. A irin wannan hali karkatarwa ba ta da amfani, tunda babu inda za a nuna wa baƙo, sai dai a nemi abin da rumbun Internet Archive ya samu ya kwafa. Akwai kuma gidan da mutanensa suna nan da ransu da lafiyarsu, sun koma sabon gini ne kawai ba su bar sallahu wajen kowa ba. Labarin yana nan a rumbun bayanan jaridar, hotunansa suna nan, sunan wakilin yana nan, amma duk mahaɗin da aka taɓa rabawa a Facebook ko aka liƙa a Wikipedia ya zama ƙofar da aka toshe da bulo. Wannan na biyun ba ƙaddara ba ce. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, ya yi wannan ƙorafi tun 1998 a wata gajeriyar maƙala, inda ya nuna cewa adireshi ba ya sauya kansa, mutane ne suke sauya shi.

Kuma dole su sauya, don kafa mai rai ba ta zama wuri ɗaya. Daily Trust ta taso daga dailytrust.com.ng ta koma dailytrust.com. Ƙanwarta Aminiya ta zauna a ƙarƙashin sunan yayarta kafin ta samu nata gidan a aminiya.ng. BBC ma ta taɓa zama a bbc.co.uk/hausa. Ƙananan kafofi kuwa da yawa a Blogger suka fara, da suka ɗan yi ƙarfi suka koma WordPress, manhajar da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya suke zaune a kanta. Ko ba a sauya sunan gida ba, akan sauya tsarin ɗakuna: adireshin da a da lamba ce zalla ya koma mai ɗauke da shekara da wata, daga baya a cire kwanan watan a bar kanun labari kaɗai saboda wani ya ce Google ya fi son haka. Kowane irin wannan gyara yana kashe tsoffin adiresoshi gaba ɗaya a dare guda, in ba an yi musu tanadi ba.

Hausa kuma tana da nata ƙarin nauyin da Ingilishi bai san da shi ba, wato haruffa masu lanƙwasa. Adireshin intanet a asalinsa bai san ƙ ko ɗ ko ɓ ba. Idan kanun labari ya zo da su, sai a mayar da kowane harafi alamomi shida: ƙ ta zama %C6%99, ɗ ta zama %C9%97, ɓ ta zama %C9%93. Wata manhajar haka take barinsu, wata ta miƙe lanƙwasar ta mayar da ƙ zuwa k, wata ta jefar da harafin baki ɗaya. Kalmar "ƙasa" kaɗai za ta iya fitowa da fuska uku a adireshi, gwargwadon manhajar da ta haife shi. Ga alamar da ke gaban "'yan" da "'ya'ya", wadda wani allon rubutu yake kawowa a miƙe wani a lanƙwashe, mutanen Nijar kuma suna rubuta ƴ a madadinta. Ga editan da ya buga labari da "kafa" da safe, da rana ya lura "ƙafa" ake nufi ya gyara kanun, adireshin ya bi gyaran. WordPress yakan tuna tsohon sunan labari ya kai mutum ga sabon idan a cikin gida aka yi gyaran, amma wannan tunawa ba lallai ta tsira ba ranar da aka kwashe kaya zuwa wata manhaja. Sai kuma rubutun sunaye: Sakkwato da Sokoto, Tambuwal da Tambawal. Duk kafar da ta taɓa yanke shawarar daidaita rubutunta, abin da ya dace ta yi, ta haifar wa kanta ɗaruruwan adiresoshin da ke buƙatar jagora.

Manhajojin sarrafa shafi, irin su WordPress da Drupal da TYPO3 da Wagtail, duk suna da hanyar yin karkatarwa, ko a jikinsu ko ta wani ƙari da ake ɗora musu. Yawanci fom ne mai gurbi biyu: a rubuta tsohon adireshi a nan, sabo a can, a zaɓi 301, a latsa ajiye. Ga labari ɗaya ko goma wannan ya wadatar. Amma a yi lissafin kafar da ke buga labari 20 a rana tsawon shekara takwas. Labarai 58,400 ke nan. Ko da minti ɗaya kacal kowanne zai ci, ana maganar sa'o'i 973, kusan kwana 122 na aikin sa'a takwas, babu salla babu salati, babu ɗauke wuta, babu yankewar sabis. Babu editan da zai ware ma'aikaci ga wannan, babu kuma ma'aikacin da zai gama shi ba tare da kurakurai ba. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne a zaɓi labarai ɗari ko ɗari biyu da suka fi jan mutane, na siyasar Abuja da na 'yan fim, a yi musu karkatarwa. Sauran a bar su, ko a yi abin da ya fi bari muni, a tura su duka zuwa shafin farko. Wannan daidai yake da maƙwabcin da duk wanda ya tambaye shi wani gida sai ya ce masa ya je tasha. Mai karatu ya zo neman rahoton 2017 an ajiye shi a gaban labaran yau, bai ma san ko shi ne ya yi kuskure ba. Google kansa yakan ɗauki irin wannan turawa a matsayin 404 da aka yi wa kwalliya.

A nan ne layin umarni yake shigowa, wato baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta magana kai tsaye maimakon latsa maɓallai. Mutane da yawa suna ganinsa kamar kayan tsafin injiniyoyi, alhali hikimarsa mai sauƙi ce: abin da za a faɗa sau dubu hamsin a faɗe shi sau ɗaya. Ana shirya jadawali mai layi biyu, tsohon adireshi da sabo, wanda ita kanta kwamfutar za ta iya fitarwa daga rumbun bayanai, sannan a miƙa shi da umarni guda. WordPress yana da WP-CLI, kuma ƙarin nan mai suna Redirection na John Godley yana karɓar umarnin `wp redirection import` don shigar da jadawalin da `wp redirection export` don fitar da shi. Wagtail, wadda kamfanin Torchbox na Ingila ya ƙirƙira, ta samu umarnin `import_redirects` a 2020. Masu Drupal suna da Drush. Aikin wata huɗu ya koma na mintuna, kuma abin da ya fi saurin muhimmanci shi ne ba a zaɓe: labarin Sanyinna yana shiga a layi ɗaya da labarin fadar shugaban ƙasa, saboda barinsa a waje ba ya rage wa kowa wahala.

Akwai abin da umarni rubutacce yake da shi wanda latsawa ba ta da shi, shi ne shaida. Wanda ya cika fom dubu da hannu, in ya bar aiki ya tafi da sanin abin da ya yi. Umarni kuwa ana ajiye shi, a karanta shi, a sake gudanar da shi bayan shekara uku, wani ya duba ya ce ga inda aka kuskure. Ana kuma iya ɗora shi a kan agogo ya riƙa gudana da kansa. TYPO3 tana da umarnin `redirects:checkintegrity`, wanda ke bincika ko wata karkatarwa ta tare hanyar shafin da yake raye. Irin wannan bincike ne ke tono sarƙoƙin da ke taruwa bayan ƙaura biyu ko uku, inda adireshin 2014 ke tura mutum ga na 2018, shi kuma ga na 2021, kafin a isa na yau. Kowace tsayawa tafiya ce da dawowa tsakanin waya da uwar garke, abin da mai zaune a Maitama ba zai ji ba amma mai neman sabis a bakin hanyar Jega zai ji. Mafi muni shi ne zagaye, inda na farko ke turawa ga na biyu, na biyu ya mayar ga na farko, har burauza ta gaji bayan tsalle kamar ashirin ta ɗaga hannu.

Wuƙar da ta yi kaifin yanka sa ita ce ke cire yatsa. A ƙaddara wani injiniya da bai san yankin ba yana share adiresoshi kafin ƙaura, ya ga "kebbe" a wasu ɗaruruwa, ya ɗauka kuskuren rubutu ne, ya ba da umarnin a mayar da shi "kebbi" a ko'ina. Cikin daƙiƙa biyu duk labaran ƙaramar hukumar Kebbe ta jihar Sakkwato sun koma rukunin jihar Kebbi, ko sun nufi adiresoshin da babu su. Tunda kuma 301 aka yi amfani da ita, wayoyin da suka riga suka bi ta za su ci gaba da bin ɓatacciyar hanya ko bayan an gyara. Shi ya sa kayan aikin kirki suke zuwa da atisaye: a `wp search-replace` ana ƙara `--dry-run`, a na Wagtail ma akwai makamancinsa, sai kwamfutar ta lissafo abin da za ta sauya ba tare da ta taɓa komai ba. Amma atisayen ba ya amfani sai idan wanda ya san bambancin Kebbe da Kebbi ne ya karanta sakamakon. Wannan aikin edita ne. Injiniya ya san umarnin, edita ne ya san ƙasar, kuma a yawancin ɗakunan labarai ba a taɓa zaunar da su biyun a kan tebur ɗaya ranar ƙaura ba.

Gwamnatin Birtaniya ta nuna yadda abin yake idan aka ɗauke shi da gaske. Bayan ta buɗe GOV.UK a watan Oktoban 2012, ta kwashe shafukan hukumomi sama da 300 zuwa gida ɗaya, kuma sashen da ya yi aikin ya gina manhaja ta musamman mai suna Bouncer wadda ba ta da wani aiki sai tarar masu zuwa tsoffin adiresoshi, fiye da miliyan ɗaya. Wanda abin da yake nema ya koma sabon wuri, a kai shi can. Wanda nasa aka daina amfani da shi, a gaya masa gaskiya, a kuma nuna masa kwafin da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa. Wannan amsa ta biyu ta cancanci koyi: faɗin "babu shi, amma ga inda aka adana shi" mutunta mai tambaya ne.

Inda hatsarin ya fi ɓuya shi ne wajen shara. Jadawalin karkatarwa yana kumbura shekara bayan shekara, masu kula da shafi kuma suna son rage shi. TYPO3 tana da umarnin `redirects:cleanup` don haka, wanda ake iya gaya wa ya goge karkatarwar da ta tsufa ko wadda ba a bi ta sau da yawa ba. Google ma shawarar da yake bayarwa ita ce a bar karkatarwa aƙalla shekara ɗaya. A idon injiniya wannan ma'auni ne mai ma'ana: abin da ba a amfani da shi a fitar da shi. Sai dai shekara ɗayar buƙatar Google ce, lokacin da yake ɗauka ya gama sabunta kundinsa, ba buƙatar mai neman hujja ba ce. Ma'aunin yawan masu bi kuwa, in aka duba da kyau, ma'aunin girman gari ne. Labarin rikicin majalisa za a bi shi sau dubbai, ya tsira. Rahoton rijiyar burtsatse ta Sanyinna wataƙila sau ɗaya za a neme shi cikin shekara uku, kuma wannan sau ɗayan shi ne ranar da ake buƙatarsa a gaban hukuma ko kotu. Kayan aikin da ya shigar da shi ba tare da wariya ba, shi ne zai fara share shi idan aka bar masa ma'aunin yawa. Layi ɗaya a jadawali bai kai nauyin hoto guda ba, dubu hamsin ɗinsu ba su kai ɗan gajeren bidiyo ba. Kafar labarai tana iya share karkatarwar tallace-tallace da gasa da suka wuce, amma ta labarai ba ta da ranar ƙarewa.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna a wace ƙasa ake magana. Malaman Sakkwato ba su ɗauki ilimin da ba a san daga inda ya fito ba da daraja. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, don ya lissafa malaman da ya yi karatu a wajensu, kuma rubuce-rubucen wancan zamani suna nan ana duba su a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939, wanda ya san kwanan wata da lambar shafi zai iya neman fitowar a ma'ajiya ya karanta abin da Abubakar Imam ya rubuta. Yau kuma Fu'ad Lawal da abokan aikinsa a Archivi.ng suna ɗaukar hoton tsoffin jaridun Nijeriya shafi bayan shafi don kada su ruɓe. Ana ceto takardar da ta shekara hamsin, a daidai lokacin da rahoton da bai cika shekara goma ba yake sulalewa saboda babu wanda ya gudanar da umarni ɗaya.

Saura batun mallaka, wanda shi ne ya fi kayar da ƙananan kafofi. Karkatarwa daga tsohon sunan gida tana rayuwa ne muddin ana biyan kuɗin wannan suna, kuma haya ce ta shekara-shekara, ko a ƙarƙashin .ng da NiRA ke kula da shi ko a .com. Sau da yawa sunan yana rajiste ne da imel ɗin matashin da aka ɗauka ya gina shafin, wanda tuni ya koma wani aiki ko aka rabu da shi dutse a hannun riga. Ranar da wa'adi ya cika, ba 404 kawai ake samu ba. Akwai masu farautar sunayen da suka faɗi, saboda mahaɗan da ke nuni gare su dukiya ce, sai mai neman labarin garinsu ya latsa ya tsinci kansa a shafin caca, da sunan jaridar da ya yarda da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Editan da zai sa hannu a kwangilar sabunta shafi yana da ikon ya rubuta a ciki cewa sunan gida na kamfani ne, cewa za a miƙa masa jadawalin tsoffi da sababbin adiresoshi a fayil ɗin da zai iya buɗewa da Excel, kuma ba za a biya kashin ƙarshe ba sai ya zaɓi tsoffin mahaɗai da hannunsa, daga ƙananan garuruwa ba daga manyan kanu ba, ya latsa ya ga sun buɗe.

Uwar garke kuma tana riƙe da rajistar duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa. Ƙarin Redirection yana nuna wannan jeri na 404 a cikin WordPress, da adireshin da aka nema da lokacin da aka neme shi, wani lokaci har da shafin da mutumin ya fito. Mafi yawansa tarkace ne, na'urori masu laluben ƙofar da za su fasa. Amma a tsakaninsu akan ga adireshi mai ɗauke da sunan wani gari da shekarar da ta daɗe da wucewa, an neme shi sau ɗaya, daga wani tsohon saƙo na Facebook. Wanda yake da jadawali da layin umarni a hannu, gyara wannan ba ya ɗaukarsa minti ɗaya. Sakataren ƙungiyar gari kuwa, wanda ba shi da iko a kan uwar garken kowa, abin da ke hannunsa shi ne ya shiga web.archive.org tun labarin yana raye, ya liƙa adireshin a gurbin Save Page Now, ya ajiye mahaɗin da aka ba shi tare da na asali.